Barkonon Doña Tomasa

Nayeli ce ta jawo, kuma ko ba a faɗa mata ba ta sani. Ita ce wata huɗu da suka wuce ta tsaya gaban rumfar Doña Tomasa, ta karyar da kai, ta sassauta murya irin ta mai neman alfarma, ta ce, "Doña, don Allah a ɗan rage barkonon nan. Baƙina ba su saba ba."

Yawo da baƙi a ƙafa shi ne aikin Nayeli. Talata da Alhamis da Asabar takan tara 'yan yawon buɗe ido takwas ko goma a bakin tashar San Cosme, ta bi da su lungu-lungu na unguwar San Rafael a birnin Mexico, rumfa biyar cikin awa uku, suna cin abincin titi da ake kira tako a tsaye kamar kowa. Rumfar Doña Tomasa ce ta uku, ita ce kuma wadda Nayeli ta fi ji da ita, don tun tana 'yar makaranta mai farar safa a nan take karyawa. Tukwanen ƙasa bakwai ne jere a kan tebur ƙarƙashin jar tamfol: gandar alade a koriyar miya, yagaggen naman kaza a jar miya, hanta da albasa, dankali, tattasai, wake, sai shinkafa da dafaffen ƙwai. Ka nuna tukunyar da kake so, Doña ta ɗora tortiya biyu, wato siririyar gurasar masara, a faranti, ta zuba shinkafa, ta zuba miya, ta miƙo maka. Takon ke nan. Barkonon Doña ba a gefe yake ba balle a ce mai so ya ɗiba. A cikin tukunya yake, tare aka dafa su.

Wani baƙo ne ya koma ƙasarsu ya rubuta a intanet wai an ƙona masa harshe, kwana biyu bai ji ɗanɗanon komai ba. Mai kamfanin da Nayeli ke yi wa aiki ya kira ta ya ce ko a gyara ko a cire rumfar daga yawon. Abin da ya kai ta yin roƙon ke nan. Doña Tomasa ta dube ta, ta goge hannu da tsumma, ta ce, "Yadda kika ce, 'yar nan." Baƙi suka ji daɗi, mai kamfani ya ji daɗi, Nayeli ta ɗauka an wuce wurin.

Sai wata Alhamis a ƙarshen Afrilu. Ta iso da baƙi tara, ta soma karatun da ta haddace, cewa nan ne magina da direbobin bas da masu shara suke karyawa shekara da shekaru, kuma duk inda ka ga suna ci, to ka tsaya. Ta juya za ta nuna su, hannunta ya tsaya a iska. Babu kowa. Daga baƙinta sai Doña sai tattabaru biyu a bakin kwata.

Wata tsohuwar Baturiya mai sandar dogarawa ta duba hagu ta duba dama, ta ce, "Ina suke?"

"Da sassafe suke zuwa," in ji Nayeli.

Ƙarya ce tsagwaronta. Ƙarfe goma da rabi ne, daidai lokacin da magina ke ajiye cebur su fito neman abin kari. Nayeli ta ƙarasa yawon ranar bakinta na zuba, hankalinta na wani wuri.

Washegari Juma'a ba ta da baƙi, ta zo ita kaɗai. Ta tarar da tukwane kusan a cike, Doña na zaune a kan bokitin fenti tana korar ƙuda. Nayeli tun da take ba ta taɓa ganin matar nan a zaune da hantsi ba. Ta nemi tako biyu na kaza, ta ci. Babu laifi, akwai gishiri, akwai tumatir, amma ka haɗiye ka manta ka ci.

Tana cikin ci sai ga Maestro Cipriano, shugaban maginan da ke ta da bene mai hawa biyar a bayan layin, da mutanensa bakwai a baya, duk sun yi futu-futu da siminti. Ya cire hula.

"Doña Tomasa, an tashi lafiya? Ya gwiwar?"

"Da sauƙi, Maestro. Ba za ku karya ba?"

"Ai mun riga mun taɓa wani abu, Doña. Gobe, in Allah ya kai mu."

"Allah ya kai mu."

Suka wuce ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya rusuna kai. Suka karya kwana. Kowa ya san abin da ke bayan kwanar, mai keke ne da kwandon tako da robar yajinsa.

Doña ta ɗauki ludayi ta shiga juya waken da ba ya bukatar juyi. Can ta ce, "Asabar ta sama ranar Gicciye ce, bikin magina. Shekara ashirin da biyu ni nake dafa wa Maestro abincin ranar, duk ginin da yake. Tun saura mako biyu yake zuwa ya ce, Doña, kamar kullum. Bana har yau shiru."

"Wataƙila mantawa ya yi."

"Magini ya manta ranar Gicciye? Sun ga ina ciyar da Turawa, sun ce na yi girman kai. Ba komai." Ta ajiye ludayin. "Wancan mai jar hula da ya wuce na ƙarshe, ranar da ya sauko daga ƙauye ko takalmin kirki ba shi da shi. A nan ya ci abincinsa na farko a garin nan."

Tausayi ya kama Nayeli, kunya ta fi tausayin yawa. Ta ajiye faranti ta bi su.

Ta same su sun kewaye keken, kowa da takarda a hannu, mai na ɗiga. Ta ja Maestro gefe ta tambaye shi me ya raba su da rumfar Doña. Ya ce ai babu abin da ya raba su. Ta sake tambaya, ya ce lokaci ne ba su da shi, injiniya ya matsa musu. Mu mutanen garin nan, da mu ce wa mutum a'a kai tsaye gara mu zagaya birnin sau uku a ƙafa. Sai da ta tsare shi karo na huɗu ya sauke murya.

"Ke ma ai 'yar gida ce, kin ci kin ji. Hannunta ya tafi."

"Hannunta?"

"Tsufa ne. Haka mahaifiyata ta yi kafin ta kwanta, harshe ya daina ji, tana zuba barkono kamar mai tsoron ya ƙare. Mu masu ɗaukar bulo, in abinci bai sa mu gumi ba jiki ba ya tashi." Ya share baki da bayan hannu. "To wa zai dubi idon matar da ta ciyar da shi shekara ashirin ya ce mata girkinta ya koma na asibiti? Ni dai ba ni ba. Gara mu gaishe ta mu wuce, da mutuncinta."

"Ranar Gicciye fa?"

"Na bar wa injiniya. Gasassun kaji zai sayo."

A nan ya kamata Nayeli ta buɗe baki ta ce ni ce. Ta buɗe kuwa, abin da ya fito shi ne, "A ci lafiya, Maestro."

Kwana biyar tana fama da abin a ranta. Ta kai baƙin Asabar, ta kai na Talata, tana tsaye a bayansu don kada su haɗa ido da Doña. Ranar Laraba da rana, lokacin da Doña ke kwashe ragowar miya tana zubawa a robobi, Nayeli ta zo ta kama mata wankin tukwane ba a sa ta ba. Kanta a ƙasa, hannu cikin kumfa, ta zayyane komai.

Doña ta ajiye robar da ke hannunta.

"Hannuna ya tafi. Cipriano ne ya faɗi haka da bakinsa?"

"Don mutuncinki ne suka yi shiru, Doña. Laifina ne. Ni na..."

"Ke kin roƙa, ni na yarda. Bar wannan. Ya ce kamar uwarsa?"

"Haka ya ce."

"Uwarsa da ko ƙwai ba ta iya dafawa ba, Allah ya ji ƙanta." Ta fizge tukunyar daga hannun Nayeli ta dangwarar a tebur. "Wata huɗu suna yi mini gaisuwar mara lafiya ashe, ni kuwa ina amsawa. Asabar baƙi nawa gare ki?"

"Tara."

"Suna da hannuwa?"

Nayeli ta ce suna da su. Ta tuna da mai kamfani da abin da za a rubuta a intanet. Amma ta dubi robobin miyar nan da za a kai gida a ci kwana uku, ta ce, "Ƙarfe nawa za mu zo?"

Ranar Asabar tun da gari ya waye ake harba wutar biki daga kan gine-gine, tana fashewa a sama, karnukan unguwa na ta haushi. Nayeli ta kai baƙinta rumfa ta farko da ta biyu kamar yadda aka saba. Kafin su kai ta uku ta tsayar da su ta gaya musu gaskiya. Yau ranar magina ce, za a kai musu abinci, kuma abincin yana da zafi, zafi na gaske, ba irin wanda ake cewa kaɗan ne ba. Wanda ba zai iya ba akwai shinkafa da ƙwai da wake.

Tun daga nesa ƙamshin ya tare su. Wani dogon Bature ɗan Holan ya yi atishawa sau uku. Doña ta sa rigarta ta zuwa coci, ta ɗaure kowace tukunya da tsumma. Ba ta jira a gabatar da ita ba, ta shiga nuna su da ludayi.

"Kai dogo, ɗauki gandar. Ke mai tabarau, tortiya, kada ki buɗe ta huce. 'Yar nan, gaya wa wancan ya ajiye kyamara ya kama kunnen tukunya, ba gani ya zo yi ba yau."

Haka suka jera a titi, Doña a gaba tana ɗingishi, baƙi tara a baya da tukwane a ƙirji, Nayeli a ƙarshe da bokitin lemun tsami. Mai gyaran takalmi ya bar aikinsa ya miƙe tsaye yana kallo. Mai sayar da jarida ya ɗaga murya ya ce, "Doña, kin ɗauki sababbin ma'aikata ne? Suna da takardar izini?"

A can saman benen, tsakanin rodin da ba a riga an zuba wa kankare ba, magina sun kafa gicciyensu na guntayen katako, sun yi masa ado da furannin takarda ja da ruwan ɗorawa. A ƙasa sun shimfiɗa katako a kan bulo, ga kajin injiniya a leda, ga kwalaben lemo da giya, rediyo na kiɗa. Da Doña ta shigo da jerin gwanonta, wani ya rage rediyon. Maestro Cipriano ya miƙe da cinyar kaza a hannu, ya rasa inda zai ajiye ta.

"Doña... ai ba mu... da ba ki wahalar da kanki ba."

"Ban zo roƙon kowa ba," in ji ta. "Abincin da aka kawo gaban Gicciye ba a mayar da shi, ko bana an canza?"

"Ba a canza ba."

Ta sa aka jera tukwane a kan katakon, ta kwance tsummokaran. Ta ɗora tortiya biyu, ta zuba ganda har miya na tsiyaya, ta miƙa masa. Ya karɓa da fuskar wanda ya shirya yin ƙarya don ladabi. Ya karkata kai, ya gatsa.

Kowa na kallonsa. Ya tauna, ya haɗiye, ya tsaya. Gumi ya tsattsafo masa a saman leɓe, sannan a goshi. Ya ja iska ta haƙora. Ya cinye sauran a loma biyu, ya cire hula ya goge kansa da ita. To kowa dai ya san barkono zuciyar mai girki yake bi, in ta dafa cikin fushi sai ya ninka.

"Doña Tomasa," ya ce, muryarsa a dushe, "da fushi kika yi girkin nan."

"Sosai."

"Da wa?"

"Da kai, mai ƙaton kai. Ni ce hannuna ya tafi?"

Maestro ya waiga ya dubi Nayeli, ya gane ta inda maganar ta bi. Nayeli ta ajiye bokitin lemun tsami. Ta fito tsakiya ta faɗa a gaban kowa cewa ita ce ta roƙi Doña ta rage barkono saboda baƙi, tun watan Janairu, kuma ranar da Maestro ya gaya mata dalilinsu ta san gaskiya ta yi shiru don tsoro.

Sai mai jar hular nan ya ce, "Ashe ke ce kika kashe mana hanji wata huɗu. Maestro, a ba ta buhun siminti ta kai hawa na biyar."

"Buhu biyu," wani ya ce daga baya. "Ɗaya nata, ɗaya na Baturen da ya kai ƙara."

Dariya ta ɓarke. Nayeli ta yi dariyar tare da su, idonta cike da hawaye, don wani nauyi ne ya sauka daga ƙirjinta. Maestro shi bai yi dariya ba. Ya dubi Doña ya ce, "Da kin gaya mana."

"Da ka tambaya."

Daga nan ba wanda ya sake kula kajin injiniya sai injiniyan. Magina suka yi layi, baƙi suka shiga tsakaninsu. Ɗan Holan ya ce shi ma gandar zai ci, tunda shi ya ɗauko ta. Loma ɗaya fuskarsa ta yi jawur har kunnuwa, ya kai hannu ga kwalbar ruwa. Magina uku suka riƙe hannun.

"Ba ruwa, farin mutum, ƙara hura wutar yake. Lasa gishiri. Yauwa. Yanzu tortiya zalla, tauna a hankali."

Nayeli na fassarawa, su kuwa ba su ma jira ta ba, da hannu suke nuna masa. Ya lasa, ya tauna, ya share hawaye, ya ɗaga yatsa ɗaya alamar a ƙara. Aka yi masa tafi. Wata 'yar ƙaramar mata daga Koriya ta ci uku a jere ko tari ba ta yi ba, ta tambaya ko akwai ɗanyen barkono a kusa. Mai jar hula ya cire hularsa ya ɗora mata a ka. Mutum biyu dai, mata da miji, shinkafa da ƙwai kawai suka ci, suka tsaya gefe suna karkaɗe ƙurar siminti daga takalmansu, kuma a hanyar komawa mijin ya gaya wa Nayeli cewa shi ba dako ya biya ya zo yi ba. Ta ba shi haƙuri. Ta san za ta ji daga mai kamfani, ta kuwa ji, ya yi faɗa son ransa ya ce za su zauna a kan maganar.

Abin da ya dame ta ba wannan ba ne. Doña ta kwashe tukwanenta da aka cinye tas, ta tafi ba tare da ta ce wa Maestro sai Litinin ba, shi ma bai ce ba. Hula kawai ya ɗaga. Nayeli ta san mutanenta. Mutum na iya cin abincinka ranar biki ya yaba, kunya ta hana shi sake tako ƙofarka har abada. Lahadi ta wuni tana juya abin.

Litinin ba ranar yawo ba ce, amma ƙarfe goma da rabi ta yi mata a San Rafael. Ta taho a hankali, tana tsoron karya kwanar ƙarshe. Da ta karya, ba ta hango jar tamfol ɗin da kyau ba, bayan mutane ya tare. Magina takwas ne cif, da masu shara biyu da tsintsiyoyinsu jingine a bango, da wani direban da ya bar bas ɗinsa a bakin titi fasinjoji na ta yi masa tsaki. Maestro Cipriano na can gefe da faranti, yana shan iska ta haƙora, hula a hammata. Bokitin fentin an ture shi ƙarƙashin tebur.

Nayeli ta kutsa ta gefe, ta leƙa tsakanin kafaɗu biyu.

"Doña, ina kwana. Na zo ne in..."

Doña Tomasa ko ɗago kai ba ta yi ba. Hannu ɗaya na kan tortiya, ɗaya na kan ludayi.

"Ba ki ga mutane ba ne? Koma baya ki bi layi, 'yar nan. Hanta ta kusa ƙarewa, in ita kike so ki yi addu'a."

Nayeli ta koma can baya, bayan mai shara na biyu, ta tsaya cikin rana tana jira.